Tautau a Goshin Malam Habu

Ku jawo bencin nan ku zauna, layi ya ƙare, sai kuma bayan azahar. Na ji abin da ɗayanku ya faɗa ɗazu a bakin taga, wai aikin ɗakin magani ai ƙirga ƙwaya ne a zuba a leda. Ban ji haushi ba. Ni ma da na zo wannan ƙaramin asibitin ina budurwa, da farar rigata da sabuwar takardar makaranta, abin da na ɗauka ke nan. Ga ni yanzu da furfura, kuma har gobe ƙirga ƙwayar ce mafi sauƙi a aikin. Mai wuyar ita ce tambayar da ke biyo baya, idan mutum ya karɓi ledar ya jujjuya ta a hannu, ya ɗago ya ce, "To Malama Hadiza, yaushe zai fara aiki?"

A hannun marigayi Malam Garba disfensa na koyi aiki, Allah ya jiƙansa. Kayan aikinsa ba su cika rabin teburin nan ba. Farantin ƙirga ƙwaya, almakashi, ma'aunin zafin jiki, tocila, kwalbar jibi, wato shuɗin ruwan nan da ake shafa wa ciwo, sai kalanda da ya rataye a bayan kujerarsa. Wata uku na yi ina share ɗaki ina wanke kwalabe bai bar ni na miƙa wa kowa magani ba. Ya ce in zauna in saurari yadda yake tambaya kawai. Idan ya ce wa mutum, "Yaushe abin ya fara?" amsar ɗaya ce kullum: "Kwana biyu." Ku kuma kun san kwana biyun mutanenmu, yana iya zama shekaranjiya, yana iya zama mako uku. Sai Malam Garba ya juya ya dubi kalanda. "Ranar Juma'a da ka je masallaci, akwai shi a jikinka?" "A'a." "Ranar da aka ci kasuwar Ɗambatta fa?" "Ai ranar da na dawo na fara jin zugin." Sai ya ɗora yatsa a kan ranar ya ƙirga. Ya kan ce da ni, "Hadiza, wanda bai iya gano ranar ba, bai iya ba da magani ba."

Ban gane nauyin maganar sosai ba sai a kan ciwon da muke ce wa tautau. Kun gan shi a littafi, amma wataƙila ba ku gan shi a jikin tsoho ba. Ƙuraje ne masu ruwa, suna fitowa a jere, a gefe ɗaya na jiki, ba sa tsallaka tsakiya. Mutane suna cewa gizo-gizo ne ya bi ta jikin mutum. Ba gizo ba ne. Ƙwayar ƙarambau ce da mutum ya yi tun yana yaro, ta kwanta a jijiya shekara da shekaru, sai tsufa ko rauni ya zo ta farka ta biyo jijiyar zuwa fata. Shi ya sa zugin yake riga ƙurajen zuwa. A zamanin Malam Garba ba mu da abin ba su sai jibi, da ruwan shafawa mai sanyaya fata, da maganin rage ciwo, da "Allah ya sawwaƙe." Ina cikin shekaruna na tsakiya a aiki maganin nan asaikilobiya ya fara iso mana ƙauye. Ba ya kashe ƙwayar. Hana ta hayayyafa yake yi. Saboda haka idan ta riga ta gama yaɗuwa kafin a fara shi, ɗan abin da zai yi kaɗan ne. Mafi kyau a fara shi cikin kwana uku da fitowar ƙurajen.

Na tuna wata safiya Hajiya Ladi mai ƙosai ta shigo ta rufe baki da gefen mayafi. Ita ba tautau ba ne, ƙurajen leɓe ne, irin waɗanda ke fito wa mutum bayan zazzaɓi ko bayan ya sha rana. Dangin juna ne, kuma magani ɗaya ke yi musu, sai dai na leɓe ya fi sauƙi. An haifa mata jikan fari, suna saura kwana huɗu, kuma ƙurjin ya riga ya yi ruwa.

Ta ce, "Malama, ki ba ni wanda zai share shi kafin ranar suna. Ko nawa ne."

Na ce, "Hajiya, babu shi. Wannan zai yi mako guda ko kwana goma kafin ya tafi. Da kin zo tun kina jin tsikarin nan da ƙaiƙayi, kafin ya fito, da man shafawar ya rage miki kwana ɗaya ko makamancin haka. Yanzu ki shafa, zai ɗan taimaka, amma da shi za ki yi suna."

Ta ɓata rai. Na ce mata akwai abin da ya fi hoton suna muhimmanci. Wannan ƙurjin da bai fi ƙwayar gero ba yana iya kwantar da jariri ciwo mai tsanani. Kada ta sumbace shi, kada ta tauna masa dabino, kada ta tofa masa addu'a a fuska, kuma ta wanke hannu da sabulu duk sa'ad da za ta ɗauke shi.

Sai idonta ya kawo ruwa. "Jikan nawa? Ko addu'a ba zan yi masa ba?"

Na ce, "Ki yi masa addu'a har ki gaji, Hajiya. Allah yana ji ko ba tofi. Ki goya shi ma. Bakin ne kawai zai jira ɓawon ya faɗi."

Ta yi yadda na ce. A goye ya wuni a bayanta ranar suna. Tun daga nan kuma, duk sa'ad da ta ji leɓenta ya fara tsikari, sai ta bar kasko a wuta ta aiko ko ta zo da kanta.

Shekarar da ta fi kowace muni a aikina kuwa, ba annoba ce ta jawo ta ba, bakina ne. Da damina ne, ana tsakiyar noma, Sani mai garmar shanu ya zo da tautau a haƙarƙarinsa na dama. Na ƙirga na ga kwanansa biyu. Don murna sai na ce masa, "Ka yi sa'a, maganin nan kwana uku ne." Ni ina nufin ya zo cikin lokaci. Shi kuma abin da ya ji shi ne kwana uku zai warke ya koma bayan shanunsa. Na ba shi na mako guda, ya tafi. Da kwana ukun suka cika sai ya ga sababbin ƙuraje biyu sun ƙara fitowa, zugin kuma yana nan. Haka abin yake yi, ba ya tsayawa cak. Amma ban gaya masa ba. Ya watsar da sauran ƙwayoyin a bayan gida, aka kai shi wurin wani da ya dama toka da lemon tsami ya shafe masa gefen. Wurin ya rure ya yi mugunya. Da ƙyar ya warke, kuma zugin ya bi shi har bayan kaka.

Sani mutum ne mai magana, kuma rabin gonakin garin nan shi ke yi musu huɗa. Babu gonar da bai ba da labarin ba. Maganin Hadiza ƙarya ne, kwana uku ta ce. A shekarar masu tautau suka daina zuwa da wuri. Wata tsohuwa daga unguwar gabas sai da ta kwana goma sha biyu aka kawo ta a amalanke. Lokacin babu abin da ya rage mini sai wanke ciwon da ba ta maganin zugi. Fatar ta warke, amma jijiyar ba ta huce ba. Wata da watanni ko zani ba ta son ya taɓa wurin. Takan zauna a bencin da kuke kai ta riƙe rigarta nesa da jiki da yatsu biyu.

Daga ƙarshe na ɗauki mayafina na je gidan Sani. Na same shi yana ba shanu harawa. Na ce, "Malam Sani, na zo ba ka haƙuri. Maganin bai yi ƙarya ba, ni ce ban yi maka bayani ba." Na tsaya na faɗa masa komai tiryan-tiryan. Ya ajiye harawar ya ce, "Da haka kika gaya mini ai da na shanye." Gaskiyarsa ce. Tun daga ranar ban ƙara miƙa maganin nan ba tare da na zayyana wa mutum yadda kowace rana za ta kasance ba.

To, wanda nake so ku riƙe labarinsa shi ne Malam Habu. Tsohon malami ne a wani ƙauye da ke bayan rafi, marubucin Alƙur'ani da hannu. Mutane daga nesa suke zuwa su ba shi aiki. Idonsa na hagu ya mutu tun yana saurayi, ƙaya ce ta soke shi a gona, saboda haka da na dama kaɗai yake rubutu. Shi da matarsa Inna Mairo su biyu suke zaune a gidan, 'ya'yansu duk sun yi nisa.

Wata ranar Talata da hantsi suka shigo tare. Ya naɗe rawani har ya rufe girarsa. Ya zauna ya ce ciwon kai ne ya dame shi, in ba shi ƙwaya ya tafi, yana da aiki.

Inna Mairo ta ce, "Malam, ka cire rawanin."

Ya ce, "Ke dai ba kya barin mutum ya yi magana."

"Ka cire ta gani."

Da ya warware sai na ga ƙuraje a jere a goshinsa na dama, daga tsakiya suka gangaro zuwa gira. Na ɗauki tocila na haska. Ga wani guda ɗaya, ƙarami, a gefen tsinin hancinsa. Ku riƙe wannan. Idan kuka ga tautau a goshi, ku duba hanci. Jijiyar da ke zuwa nan ita ce ke zuwa ido. Idon nasa ya ɗan yi ja, yana kuma runtse shi idan haske ya taɓa.

Na ce, "Baba Malam, yaushe suka fito?"

"Kwana biyu."

"Ranar Lahadi akwai su?"

Inna Mairo ce ta amsa. "Zugin tun Juma'a yake. Ƙurajen kuwa jiya da asuba. Ranar Lahadi goshinsa lafiya lau."

Kwana ɗaya da 'yan awanni ke nan. Na yi hamdala a zuci. Na kira likitan da ke duba mu daga babban asibiti a waya, na faɗa masa abin da na gani da shekarun Malam, na ce ba shi da tarihin ciwon ƙoda. Ya ce in ba shi na farko nan take, sannan a kai shi wurin likitan ido a Kano a ranar, ba gobe ba. Na ɗebo ruwa a randa na ba shi ya sha a gabana. Sannan na gaya masa zancen Kano.

Ya girgiza kai. "Ba za a yi haka ba, 'yata. Ga magani na sha. Izu hamsin da biyu na rubuta, saura takwas, mai shi yana jira. Ba zan je a kwantar da ni a birni ba."

Na ce, "Baba, maganin zai tare ƙwayar, amma ni ba ni da na'urar da zan ga cikin idonka. Ido ɗaya gare ka. Idan ya taɓu, ba izu takwas ba, ko wasali ɗaya ba za ka ƙara sawa ba."

Ya ce, "Abin da Allah ya rubuta ba ya wuce ranarsa."

Ni ba zan yi jayayya da malami a kan ƙaddara ba. Inna Mairo ce ta miƙa hannu ta dafa gwiwarsa, abin da ban taɓa ganin tsohuwa ta yi a gaban mutane ba. Ta yi ƙasa da murya ta ce, "Malam, na san abin da kake gudu. Tare za mu je. In an kwantar da kai, a ƙasan gadon zan shimfiɗa tabarma. Ba inda zan motsa."

Ya dubi ƙasa, sannan ya ce, "To a nemo mota."

Na bar wa abokiyar aikina ɗakin, na bi su. Muka samu mai a-kori-kura ya sauke mu a Ɗambatta, daga nan muka shiga bas. Duk hanya Malam ya rufe idon da gefen rawani yana jan carbi. Ƙarfe biyu ta yi mana muna cikin mota, na ɓalle masa na biyu ya sha da ruwan leda. Likitan idon mace ce, ta ɗiga masa wani ruwa mai launi ta duba shi a na'ura. Ta ce ƙwayar ta fara taɓa saman idon amma ba ta yi nisa ba. Ta ƙara masa na ɗigawa da na shafawa, aka gwada jininsa saboda ƙoda, ta ce ba sai an kwantar da shi ba, amma ya dawo ranar da ta sa masa. Ta tambaye ni yaushe ya fara shan maganin. Da na gaya mata sai ta gyaɗa kai kawai ta ci gaba da rubutu. Kafin magariba mun dawo gida.

A zaurensa na zaunar da su na yi musu bayanin da ban yi wa Sani ba. Sau biyar a rana, kwana bakwai, ba fashi. Mutanenmu da sun ji sau biyar sai su ce ai salla ce. Ba haka ba ne, don azahar da la'asar sun yi kusa, asuba da azahar kuma sun yi nisa. Na ce da asuba ɗaya, da hantsi ɗaya, da azahar ɗaya, da magariba ɗaya, sai na ƙarshe lokacin kwanciya. Ya sha ruwa da yawa. Kada a shafa masa komai a goshin sai abin da aka ba su. Mai ciki da jariri da duk wanda bai taɓa ƙarambau ba su yi nesa har ƙurajen su bushe.

Malam ya ce, "To yaushe zan ji sauƙi?"

Na ce, "Baba, zan gaya maka gaskiya. Maganin ya fara aiki tun da ka haɗiye shi, amma ba za ka ji ba tukuna. Gobe da jibi wataƙila ma ka ga abin ya ƙaru. Sababbi za su iya fitowa, fatar idon za ta kumbura. Kada ka ce bai karɓe ka ba. Wajen kwana uku zuwa huɗu za su daina fitowa. Bayan mako guda su fara ɓawo. Tabon sai ya yi makonni. Zugin kuma ba ni da alƙawari a kansa, yana iya daɗewa."

Ya yi murmushi da gefen baki. "Ke ba kya lallashin mara lafiya?"

Na ce, "Na taɓa yi, ban ji daɗinsa ba."

Kullum idan na tashi daga aiki da la'asar sai in tsallaka rafi in duba shi. Ranar Laraba idon ya kumbura ya rufe gaba ɗaya. Na same shi zaune a kan buzu cikin duhu tsakar rana, tunda ɗayan ma ba ya gani. Bai yi ƙorafi ba, sai dai ya ce, "Kin ce zai yi haka." Ranar Alhamis sababbi uku suka fito a cikin gashi. Inna Mairo ta ja ni gefe ta ce maƙwabta sun kawo wani garin magani, wai a kwaɓa a shafa. Na ce ta yi musu godiya ta ajiye a kan katanga. Ranar Juma'a na haska tocila na ƙirga, babu sabo ko ɗaya. Ranar Asabar fatar idon ta ɗan saki, ya ce yana ganin hasken ƙofa. Ya kuma ce daren jiya ya yi barci har an kira asuba bai ji ba, abin da ya ba shi haushi ƙwarai. Ranar Litinin muka koma Kano, likita ta ce idon yana warkewa, ya ci gaba da na ɗigawa, kuma kada ya kusanci rubutu sai ta ba shi izini. Ƙwaya talatin da biyar, babu wadda ya tsallake.

Ɓawon ya gama zubewa wajen mako uku. Zugin ya yi masa kusan wata uku, yana zuwa yana tafiya, har hula ba ya son sawa. Likita ta rubuta masa wani maganin jijiya, a hankali ya lafa. Sai bayan wata guda da rabi aka bar shi ya ɗauki alƙalami, shafi ɗaya a rana.

Bayan ya gama izu sittin ɗin ya aiko a ce in zo in gani kafin mai shi ya ɗauka. Na je da yamma. Na yi sallama a zaure ba a amsa ba, sai na leƙa tsakar gida. Suna zaune a inuwar dalbejiya. Ga faifai cike da shinkafa a cinyar Malam, yana tsince tsakuwa ɗaya bayan ɗaya. Inna Mairo tana gefe tana jira da tukunya. Da ya gama sai ya ɗauki hannunta ya ɗora a bakin faifan, ita kuma ta laluba ta juye a tukunyar.

Na tsaya a inda nake. Na sake sallama da ƙarfi. Ta juyo wajen muryata, amma idonta bai sauka a kaina ba, ya sauka ne a kan katangar da ke gefena.

Na ƙarasa na durƙusa a gabanta. Na ce, "Inna, bari in ga idonki." Na haska tocila. Yanar ido ce, fara fat, a duka biyun.

Na ce, "Tun yaushe?"

Malam ne ya amsa. "Shekara biyu ke nan yana ƙaruwa. Ta hana ni faɗa. Tana tsoron yaran su ji su zo su ɗauke ta su kai birni, a raba mu. Ni nake zura mata zare, ni nake gaya mata in miya ta yi. In za mu fita, gefen rigata take bi."

Sai na gane ba izu takwas ne suka sa ya ƙi zuwa Kano ba. Na kuma tuna kwanakin da idonsa ya rufe, su biyu a gidan babu mai gani. Na ce, "Inna, to maganin fa? Sau biyar a rana, yaya kika yi?"

Ta ce, "Ai ba wuya, 'yar nan. Kowace safiya nakan ɓalle biyar in ƙulle a bakin zani. Asuba da azahar da magariba akwai ladan. Na hantsi kuwa, idan rana ta taɓa mini ƙafa a bakin ƙofar ɗaki, lokaci ya yi."

Ni da nake taƙama da shekaru a aiki, na yi mako guda ina shiga gidan nan kullum, na zauna kusa da ita a mota sau biyu, ban lura ba. Goshin mijinta kaɗai nake kallo.

Na ce, "Inna, wannan yanar ana cire ta. Aikin ba ya daɗewa, mutane da yawa suna dawowa suna gani. Likitar nan da ta duba Baba za ta duba ki."

Ta murza bakin tukunyar da yatsa. "In an kwantar da ni, wa zai dafa wa Malam?"

Malam ya karkaɗe faifan ya jingine shi. Ya ce, "Ji ta. Wa yake tsince shinkafar dama?"

Ranar Litinin ta gaba muka tafi. Ido ɗaya aka fara yi mata, aka ce ɗayan sai ya warke. Ina tsaye a wurin washegari da aka cire mata bandejin. Ta ƙifta, ta ƙifta, ta dubi fanka, ta dubi hannunta. Sannan ta juya ta tsura wa Malam ido, ta daɗe tana kallonsa, har ya fara gyara zaman hularsa don kunya.

Ta miƙa yatsa ta taɓa tabon da ke goshinsa. Ta ce, "Ashe iyakarsa ke nan. Da hannu na ɗauka ya fi haka girma." Ta ƙara kallonsa. "Malam, ashe ka tsufa."

Ya ce, "Ke ma bari a kawo miki madubi."